Tagar Kumallo ta Valmai Linke

Shekara goma sha ɗaya ina sauka a otal ɗin Bakin Gada da ke Port Ansell, amma sai da na ci uku daga ciki kafin in iya cewa ga kamannin Valmai Linke. Hannuwanta na fara sani. Ƙarfe bakwai daidai za ka ji ƙwas-ƙwas a jikin 'yar tagar katakon da ke gefen ƙofa, murfin waje ya buɗe, tire ya zuro, wasu gajerun yatsu da ruwan zafi ya dafa su gyara zaman butar shayi, murfi ya koma. Kafin ka lalubo silifas ka leƙa, ta kai ɗaki na gaba.

Sunana Neville Trezise. Aikina duba jajayen tulunan kashe gobara da ake ratayewa a makarantu da shaguna da rumbunan alkama. In zagaya gari-gari da 'yar motata, in auna, in buga hatimi, in ƙara gaba. Zagayen gaɓar teku a watan Yuli yake faɗo mini, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, lokacin da ba mai hankalin da zai zo bakin ruwa shan iska. Shagon askirim an rufe shi da katako, ciyawar teku ta taru tsibi-tsibi tana wari, iskar kudu kuma tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar ita ma ta kama ɗaki. Cikin ɗakuna goma sha huɗu da ƙyar ake cika biyar. Shi kansa mai otal ɗin, Mista Kallis, da Mayu ya ƙare yake kwasar matarsa su yi arewa shan rana, ya bar wa Valmai makullai.

Ni kam haka nake son wurin. Bargo na warin kabad, hita ta fi yawan ƙara a kan ɗumi, amma ba mai damunka, kuma kumallo ba ya latti.

Ga yadda ake yi. Akwai kati a kan tebur, ka sa alama a gefen abin da kake so, ka rataye a hannun ƙofa kafin shida na yamma. Sauran otal-otal sun daɗe da toshe irin tagogin nan, sun koma ajiye maka ɗan kwalin hatsi da madara a firji, ka ci ko ka bari. A nan Valmai ce ta tsaya ta hana. Otal ɗin ya canja hannu sau huɗu, duk wanda ya saya sai ya zo da maganar toshewa, ita kuma ta ce masa, "Mutumin da bai sha shayi ba bai kamata a ga fuskarsa ba, shi ma bai kamata ya ga ta kowa ba. Wanda ya yi tagar nan ya san mutane."

'Yar manoma ce daga can cikin ƙasa, inda ake kallon sama fiye da yadda ake kallon agogo. Ba ta taɓa ganin teku ba sai tana shekara goma sha tara, ranar da Ross Linke, direban motar alkama, ya aure ta ya kawo ta garin. Ta ce mini da ta tsaya ta kalle shi, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne, "Duk ruwan nan, kuma ko kofi ɗaya tunkiya ba za ta sha ba?" Har yau ba ta shiga cikinsa. Da wankin zanen gado ta fara a otal ɗin, da tsohuwar mai girki ta tafi ta karɓi tire, yau shekara arba'in da uku. Ross ya rasu shekara goma sha takwas da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, Denise, tana Perth, tana bugo waya ran Lahadi da yamma.

Ba ta hira da baƙi, amma in tire ya dawo ba abin da ba ya gaya mata. Ta san wanda ya kwana da faɗa da matarsa, don kofi ɗaya ke dawowa ba a taɓa ba. Ta san wanda ciwo ya fara ci. Ta taɓa kiran motar asibiti wa wani mai tallan taya saboda kawai ƙarfe takwas ta yi bai ja tirensa ciki ba, kuma da ba ta kira ba da an yi jana'iza. Mu na lokacin sanyi ba mu fi bakwai ba, kowa da abin da ya saba. Nawa ƙwai biyu soyayyu da haƙarƙarin rago. Shekara goma ban canja ba, sai bana da likita ya duba jinina ya girgiza kai, ya ce in rabu da maiƙo ko maiƙo ya raba ni da duniya.

Cikinmu akwai Clarrie Bormann, mai ɗaki na huɗu. Manomin alkama da tumaki ne, ɗan shekara saba'in da huɗu, matarsa ta daɗe da rasuwa. Da ya gama shuka yake zuwa ya yi kwana goma kafin lokacin sausayar tumaki, ya wuni a kan doguwar gadar katakon da ta shiga cikin teku yana kamun kifin nan mai fesa tawada. Kumallonsa dafaffen ƙwai ɗaya, gasasshen burodi biyu, baƙin shayi. Shi kaɗai ne a cikinmu yake wanke kofinsa kafin ya mayar da tire. Kowa na cewa Valmai, shi bai taɓa wuce Misis Linke ba.

Ran Litinin da la'asar na gama da makarantar garin, na taka zuwa gada na same shi zaune a kan bokitinsa, hula har kunne.

"Yaya kamu, Clarrie?"

"Ba laifi."

"Ai kana zaune a kan bokitin, tsoho. In da akwai wani abu a ciki da ba ka kife shi ba."

"Suna nan. Shawara suke yi."

Muka ci gaba da kallon ruwa, wanda a wurinmu shi ne rabin hira. Can ya ce, "Bana ce ta ƙarshe, Nev. 'Yata Janine ta gina mini ɗaki a bayan gidanta, can Toowoomba. Gona ɗana ya riƙe ta, ba ya bukatata. Ta ce in ba ta amsa kafin ƙarshen wata."

"Can ai ba teku."

"Babu."

"Ba tumaki."

"Ta ce akwai a talabijin." Ya ɗan ja igiyarsa ya saki. "Da akwai abin da ya riƙe ni a nan da na ce mata a'a. Na tambaya, an ba ni amsa."

Sai da na yi ta jan sa kamar ana ciro ƙusa daga tsohon katako kafin maganar ta fito. Bara waccan, ya ce, ya juya katin kumallonsa ya yi wa Valmai rubutu a baya, yana neman ta taka da shi zuwa ƙarshen gada ran Lahadi.

"To me ta ce?"

"Ƙwai ɗaya, burodi biyu."

"Shi ke nan?"

"Da shayi."

"Ba ka tare ta baki da baki ba?"

Ya juyo ya kalle ni kamar na ce ya shiga coci ba wando. "Mace ta ba ka amsa cikin mutunci, ba ta kunyata ka ba, sai ka je ka sa ta maimaita? Haba, mutumina."

Raina ya ɓaci, ba don shi kaɗai ba. Haka muke a yankin nan. In ƙafar mutum ta guntule ka tambaye shi, zai ce maka ba laifi. Muna ɗaukar shiru ado ne, kuma ni ma nasu ne, don ban ƙara matsa masa ba. Na ce iska ta yi yawa, na koma ɗaki.

A yammacin nan na sa alama a kan kunu, karo na farko a rayuwata, na rataye kati ina jin tausayin kaina. Talata da safe, ƙwas-ƙwas, sai ga ƙwai biyu da haƙarƙari suna tururi. Na ce kuskure ne, kuma ba kyau a mayar da abinci, na cinye. Da yamma na sake zaɓar kunu, na juya katin na rubuta da manyan baƙaƙe. Laraba da safe ga haƙarƙari ya dawo, har ya fi na jiya girma. Ina cikin ci, don wannan ma na ci, na ji motar Clarrie ta tashi. Na leƙa ta labule na gan shi ya tsaya a bakin titi ya daɗe yana kallon ƙofar kicin, sannan ya ɗauki hanyar gida.

Ƙarfe goma na shiga kicin da jakar aikina, don tulun da ke bayan murhu yana cikin lissafina. Valmai na wanke-wanke, gajeriya, farin gashi a ɗaure, rigar sanyi mai ruwan toka a ƙarƙashin ƙyallen girkin da ta ɗaura. Komai na kicin ɗin a jere yake kamar sojoji, ba cokalin da ya kauce.

"Zauna in zuba maka shayi, Nev, ka daina tsaya mini a hanya."

Na zauna. Da ta zo zubawa na ga ta saƙala ɗan yatsa a bakin kofin, ta tsiyayo ruwan zafi har sai da ya taɓa shi, sannan ta tsaya. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na gama duba tulu na miƙa mata takarda ta sa hannu, sai ta rattaba sunanta a kan hatimina, nesa da layin. Bara ma a karkace ta sa, na ɗauka gaggawa ce.

"Valmai, me na zaɓa a katina jiya?"

"Abin da ka saba mana. Tambayar me ce wannan?"

"Kunu na zaɓa. Shekaranjiya ma kunu."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Ba ta juyo ba. "To da bakinka ciwo yake? Ka zauna kana ci kamar ɗan maraƙi?"

"Tun yaushe?"

Ta ɗauki lokaci tana goge hannu. "Sanyi uku ke nan. Yanar ido ce, ta rufe su duka biyun. Ina ganinka, ina ganin ƙofa, ina ganin wuta. Rubutu ne ya zama hayaƙi." Lokacin zafi, ta ce, matar Kallis ce ke tattara katuna tana kira mata, ita tana girki, ba wanda ya lura. Da sanyi kuwa mu ne, kuma ta haddace mu. In baƙo ya faɗo sai ta tambaye shi da baki tun a wurin ba da makulli, ta ce katuna sun ƙare.

"Ai yanar ido ba wani abu ba ce yanzu. An cire wa yayata cikin rabin awa."

"Na sani, Neville Trezise, ba a rami nake zaune ba. Kafin a cire sai na faɗa. Ranar da Kallis ya ji, washegari kafinta zai zo ya toshe tagogin nan, dama neman dalili yake. Ni kuma in zauna a gida in yi me? In ƙura wa waya ido daga Litinin har Lahadi?"

Tsoro na ji a muryarta, kuma ban taɓa jin sa a can ba. Ya taɓa ni ƙwarai. Ga maganar Clarrie a bakina tana ƙuna, ga shi ba ni aka aika ba, kuma ni ba mai shiga sharo ba shanu ba ne. Sai na zagaya na ce, "Katunan fa, ina kike kai su?"

Ta miƙa hannu saman kabad ba tare da ta duba ba, ta sauko da wani tsohon gwangwanin biskit. "Yawanci murhu. Amma wanda na shafa na ji biro ya loɓa bayansa, na san an yi mini magana. Waɗannan nake ajiyewa, wai sai ranar da ido ya dawo." Ta tsaya riƙe da shi a ƙirji, sannan ta dire shi a gabana da ƙarfi. "Tunda ka tona, ƙarasa. Karanta."

Sun kai talatin. Na fara daga sama, nawa ne: kunu don Allah, likita ya hana ni maiƙo.

"Kuma ka cinye tas," in ji ta. "Har ƙashin ka tsotse, na ji shi da hannuna."

"Famfon wanka yana ɗiga, ɗaki na tara."

"An gyara tun bara."

"Mun gode, ba mu taɓa cin ƙwai mai daɗin wannan ba."

"Na sani. Wuce."

Wani yana neman ƙarin bargo, wata ta bar ɗan kunne, wani yaro ya zana kifi. Tana tsaye tana amsa kowanne kamar masu shi suna gabanta. Can kusa da ƙasa na ciro wanda aka rubuta da fensirin kafinta, an danna har ya kusa huda katin. Na yi gyaran murya.

"Misis Linke, in ba za ki ɗauka raini ba, ina so in raka ki zuwa ƙarshen gada ran Lahadi da ƙarfe goma. In ba ki so, kada ki ce komai, ni kuma ba zan sake tayar da maganar ba. C. Bormann, ɗaki na huɗu."

Ta ɗauki tsumma ta shiga goge teburin da ba abin da ya taɓa shi. Daga waje ana jin iska tana kaɗa allon otal ɗin.

"Na yaushe ne?"

"Bara waccan."

Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi a kicin ɗin ba. "Kuma ya ci gaba da wanke kofinsa," ta ce a hankali. "Sanyi biyu, yana ganin na ƙi shi, yana wanke mini kofi."

Tunda an zo nan, na kwance mata sauran: ɗakin Toowoomba, da ƙarshen wata, da yadda ya tsaya a bakin titi da safe. Ta saurara har na gama, sannan ta share ido da bayan hannu ta taso mini.

"Tsohon banza! Kada in ce komai? Wane irin mutum ne zai yi tambaya ya haɗa da amsar ƙi a ciki? Ba shi da baki ne?"

"Ke fa, naki ina yake shekara uku?"

"Kai rufe mini baki, mai tsotsar ƙashi."

Ta buɗe aljihun tebur ta lalubo ƙaton alƙalamin da take sa wa zannuwan gado lamba, ta ɗauki sabon kati ta juya bayansa. Na ce in rubuta mata, ta ture hannuna. Ta sunkuya har hancinta na kusa taɓa katin, tana jan kowane baƙi kamar tana yankan burodi. Layi uku suka cinye shi duka. Ta miƙo mini ba ta naɗe ba, don haka na gani: LAHADI, GOMA. BA NA GANI SOSAI. SAI KA RIƘE NI.

"Hanyarka ta bi ta wajen gonarsa?"

Ba ta bi ba, ratsen ya fi kilomita ɗari. Na ce ta bi.

"To. Kafin ka fita, ɗauko littafin waya ka nemo mini lambar likitan ido. Kallis kuma in ya dawo ni zan gaya masa da bakina. In ya ga dama ya toshe tagoginsa, amma sai na ga fuskarsa tangaran yana faɗa."

Alhamis da safe, ƙwas-ƙwas, kunu ya zuro. Ba sukari, ba madara, ga gudaji, kuma na rantse da gangan ne.

Juma'a da hantsi na bar kwalta na hau jar hanya zuwa gonar su Bormann. Alkama ta tsiro, kore shar har iyakar gani. Na tarar da Clarrie a bakin shinge yana ɗaure waya, karensa kwance a gefe. Ya ɗago ya kalli motata, ya kalle ni.

"Ba mu da tulun gobara a nan, Nev."

"Saƙo ne daga kicin."

Ya ajiye filaya, ya goge hannu a wando, ya karɓa. Ko tabarau bai nema ba, rubutun da za a iya karantawa daga ƙofar gona ne. Ya karanta, ya juya gaban katin, ya sake juyowa ya karanta. Na gaya masa maganar yanar idonta da gwangwanin biskit a taƙaice, yana jina yana gyaɗa kai, idonsa na kan katin. Sannan ya zura shi a aljihun riga, ya sa maɓalli, ya dafa wurin da tafin hannu.

"Wace Lahadin?"

"Ba ta ce ba."

Ya daɗe yana kallon alkamarsa.

"To gara in fara da ta jibi," in ji shi. Ya bar wayar shingen a kwance, ya kira karensa, ya nufi gida yana tambayata ko na san inda ake aski ran Asabar.